Bindigar Da Na Goge Da Soson Tukunya

Sunana Sunusi. Akanta ne ni, kuma shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da lissafin sashen gyaran tituna a wata council, wato ƙaramar hukuma, da ke yankin Birmingham, ko kwabo bai taɓa ɓata a hannuna ba. Na fara da wannan ne don in kun ji abin da ya biyo baya, kada ku ce dama can mutumin ba shi da hankali. Ina da shi. Hutun wata shida ya ɗauka bai gaya mini ba.

A shekarar 2012, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana rufe ɗakunan karatu, ana sallamar ma'aikata kamar ana kakkaɓe tabarma, aka kira ni ofis. Aka ba ni shayi da biskit biyu da takardar sallama. Kuɗin sallamar fam dubu bakwai da ɗari huɗu. Matata Turai nas ce a asibiti, albashinta shekara biyu bai motsa ba. Ta karanta takardar a tsaye a kicin ɗinmu na Small Heath, ta ce:

"Alhamdu lillahi. Boiler ɗinmu ta mutu tun watan Maris. A sa sabuwa kafin sanyi ya shigo, sauran a ajiye har ka samu aiki."

"Boiler!" na ce. "Haba Maman Murja. Kuɗin mutum kamata a ƙona su wajen dafa ruwan wanka? Ki bari ki ga yadda akanta ke juya kuɗi."

"Baban Murja, ni dai ruwan zafi nake so."

Zaman gida ya haɗa ni da talabijin ta rana. A wani shirin gwanjo na ga wani tsoho ya sayi tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu a fam ɗari shida, aka ce masa ta kai dubu goma sha huɗu. Na miƙe tsaye da kofin shayi a hannu. Ai wannan sana'ar gidanmu ce! Duk Hausawan Birmingham sun san kakana maharbi ne a dajin Ningi, domin ni na gaya musu. Gaskiyar maganar, gishiri kakana yake sayar wa maharba. Amma yana zama a cikinsu sosai.

Na buga wa Dakta Ashafa waya. Likitan ƙashi ne a Manchester, mai kuɗi, kuma duk Asabar yana zuwa filin harbi, inda inji ke cilla faifan laka sama ana harbo shi. Ya ce in har na samu tsohuwar bindiga mai kyau zai saya. Ya kuma sa mini hannu a takardar neman lasisi.

Kafin 'yan sanda su ba ka lasisi, sai ka kafe akwatin ƙarfe na ajiyar bindiga a jikin bango. Mai shagon da na sayo akwatin ya ce su kafe mini a kan fam arba'in. Na ce arba'in ɗin nan ba a titi na tsince su ba. Na ari injin huda bango, na zaɓi ƙarfensa mafi tsawo, domin ɓarawo ya san da wanda yake yi.

Gidajen layinmu a manne suke, bango ɗaya ne tsakanina da Malam Habu, injiniya a kamfanin ruwa. Ina cikin dannawa sai na ji injin ya yi sakayau, ya wuce ba tirjiya. Na ce lallai bangon Turawa ba ƙwari. Sai na ji salati daga ɗaya ɓangaren. Na sa ido a ramin, na ga ido yana kallona.

"Malam Sunusi?"

"Malam Habu. Ina wuni?"

"Lafiya lau muke kafin ka shigo. Ƙofa fa muna da ita."

Ashe matarsa Jamilatu baƙi take da su, an shimfiɗa ledar abinci a gindin bangon. Garin bulo ya sauka kan miyar kuka, agogon bango ya bi bayansa. Gyaran ya ci mini fam ɗari biyu, ban da miyar. Ranar Juma'a a masallaci wani ya tambaye ni ko gaskiya ne na fara harbin makwabta tun bindigar ba ta zo ba.

Bayan wata uku lasisi ya fito. Na hau bas zuwa Manchester, wurin wani gidan gwanjo a bayan gari. Bindigar da na zaɓa tana cikin akwatin fata, ƙirar 1896, ƙotarta ta katako mai sheƙi, an zana tsuntsaye a jikin ƙarfen. Illa ɗaya na gani: bututun nan biyu sun yi ja-ja, da wasu zane-zane a murɗe kamar lallen amarya. Na ce a raina, tsatsa ce ta kore musu masu saye, ni kuwa na san maganinta. An kiyasta ta tsakanin ɗari takwas zuwa dubu da ɗari biyu.

Aka fara. Wani yana tayawa ta waya, ni ina ɗaga hannu. Dubu. Dubu da ɗari biyar. Dubu biyu. Jinin maharba ya motsa. Mai wayar ya yi shiru a dubu biyu da ɗari biyar, na ce da ɗari shida. Mai gwanjo ya ɗaga guduma, na sake ɗaga hannu.

"Yallaɓai," ya ce da Turanci, "tayin naka ne. Kana so ka kayar da kanka?"

Zauren ya yi dariya. Na yi murmushi irin na wanda ya yi da gangan.

A wurin biya aka miƙo mini takarda: fam dubu uku da ɗari uku da tamanin.

"Kun yi kuskure," na ce wa matar. "Ni akanta ne."

"To ka san la'ada da haraji ke nan. Suna shafi na biyu."

Ban karanta shafi na biyu ba. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa 'yan kwangila faɗa a kan shafi na biyu.

A tashar bas direba ya tambayi abin da ke cikin akwatin. Da na ce kayan kiɗa ne da yanzu ina gida. Amma na gyara tsayuwa na ce, "Bindiga ce, ƙirar 1896." Fasinjoji uku da ke bayana suka ja da baya. Direban ya ce bas ɗinsu ba ta ɗaukar bindiga ko ta zamanin Annabi Nuhu ce. Tasi ce ta kai ni Birmingham a kan fam ɗari da saba'in. A hanya na buga wa Dakta Ashafa, na karanta masa sunan maƙerin da ke jikin ƙarfen.

"Kai, mai kyau ce," ya ce. "In bututun lafiya suke, zan ba ka dubu biyar."

"Likita, dubu goma sha huɗu ake magana."

"Mu gani tukuna. Abu ɗaya, Sunusi: kada ka taɓa ta. Ka kai wa maƙerin bindiga ya auna."

Na ce to. A raina kuwa na ce, so yake ya saye ta da tsatsarta a arha.

Kwana uku na yi a kicin. Na fara da soson ƙarfen da Turai ke goge tukwane, na bi da samfefa mai kaushi, na gama da mai laushi. Cikin bututun kuwa, samfefa na naɗa a sanda, na ɗaura a injin huda bango, na zura, na kunna, yana kuka ina jin daɗi. Jan nan ya tafi. Zane-zanen suka tafi. A rana ta uku bututun suna ƙyalli kamar sabon cokali, har na ga haƙorana a jiki.

Turai ta dawo daga aiki ta tsaya tana kallon baƙar ƙurar da ta rufe teburin abinci.

"Ina sosona?"

"Ya yi shahada a hanyar arziki."

"Boiler fa? An shiga Oktoba. A buta nake dafa ruwan wanka kamar 'yar makarantar kwana."

"Ki ba ni sati biyu. Boiler biyu zan sa, ɗaya sama ɗaya ƙasa."

A tsohuwar unguwar maƙera bindigogi ta Birmingham akwai wani tsoho, Mista Dunn, mai shago a hawa na biyu, duk warin mai da katako. Na je ne kawai don ya rubuta mini takardar kima in nuna wa Likita. Na buɗe akwatin a kan teburinsa, na ja da baya don ya samu wurin yabo.

Ya ɗauki ƙotar, ya shafa, ya yi murmushi. Ya ɗauki bututun. Murmushin ya gudu. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni," na ce, ina buga ƙirji. "Kwana uku. Da ka ga tsatsar da ke jiki!"

"Ja-ja, mai zane a murɗe?"

"Ashe ka san ta."

Ya jawo kujera ya zauna. Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana. Wannan ja launi ne da aka sa da gangan. Zanen kuwa na ƙarfen ne kansa, sanduna aka murɗa aka doka a wuta da hannu, aikin da masu yinsa duk sun mutu. Shi masu kuɗi suke saye. Sannan ya zura wani ma'auni a cikin bututun, ya duba, ya sake zurawa.

"Cikin ma ka shiga?"

"Da inji."

"Na gani. Wajen nan kaurinsa bai fi ɓawon albasa ba. In ka sa harsashi, bindigar za ta tashi, amma ba ta gaba ba."

"To nawa za ta yi yanzu?"

"Yanzu doka ma ba ta yarda ka sayar da ita a matsayin bindiga ba. Ta fita daga awon da gidan gwaji ya buga mata hatimi a kai. Sai an sake mata bututu."

Na saki numfashi. Bututu kawai? Na zaro walat. "A sake. Nawa?"

"Sababbi, aikin hannu, su dace da ita: fam dubu goma sha ɗaya. Wata goma sha huɗu."

Na ce ya maimaita, domin Turancin Birmingham wani lokaci yana cinye haruffa. Ya maimaita, babu harafin da ya ɓata.

"Bututun ƙarfe biyu? Na zinariya ne?"

"Na zinariya sun fi sauƙi. Mutum huɗu ne za su yi aikin, ƙaraminsu shekararsa sittin da uku. Akwai hanya mai arha. A yanke waɗannan daga gindi, a zura sababbi a kututturen. Dubu biyu da ɗari takwas."

"Yauwa! Sannan ta koma dubu goma sha huɗu?"

"Sannan ta koma dubu biyu da rabi. In ka dace."

"Kafin in goge ta fa?"

"Kada ka tambaya, za ka sauka matakala."

Na tambaya. Dubu biyar, wataƙila shida. Na sauka matakalar ina riƙe da bango.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni gidan Malam Habu na nufa, ta ƙofa wannan karon. Na tarar da shi yana shan shayi a ƙarƙashin sabon fentin da na biya.

"Malam Habu, kai injiniyan bututu ne."

"Na ruwa."

"Bututu ai bututu ne. Guda biyu nake so, inci talatin, a manne."

Ya ajiye kofin. "Malam Sunusi, nawa bututun ruwan wanka suke ɗauka, wasu ma abin da ya fi ruwan wanka muni. Kana so in haɗa maka bindiga a gareji? A ƙasar nan? Da sunana Habu, da gemuna?"

"Ba wanda zai sani."

"Kai ne za ka gaya musu. Direban bas ma ka gaya masa."

Ashe labarin bas ya riga ni isowa.

Na koma gida na shiga intanet. A wani shagon tsofaffin kayan bindiga kusa da Manchester na samu bututu biyu marasa uwa, faɗi ɗaya da nawa, tsawo ɗaya, har da jan launin nan mai zane. Fam ɗari uku da hamsin. Na je a jirgin ƙasa, na rufe bakina ruf. Mai shagon ya duba lasisina, ya ce, "Ka san sai maƙeri ya daidaita su da bindigarka, a kai gwaji?" Na ce ina da maƙeri.

A gida na haɗa. Sun shiga, amma suna rawa kamar haƙorin tsoho. Na yanko siririn ƙarfe daga gwangwanin tumatir, na ninka, na cusa a mahaɗar. Rawar ta ragu. Katakon da ke riƙe bututun ta ƙasa ya ƙi kamawa, na naɗe shi da baƙar ledar lantarki. Daga nesa, a cikin duhun falo, wallahi sai ka ce daga fada aka fito da ita.

Shirina mai sauƙi ne. Likita ya gani, ya yaba, ya ba da dubu biyar, sannan in ce masa ya kai wa maƙeri a ɗan daidaita. Harbi ba ya cikin shirin. Abin da ya ɓata shi bakina ne. Bayan sallar Juma'a na faɗa wa mutum biyu cewa gobe zan nuna wa Dakta Ashafa yadda ake riƙe bindiga a gidanmu. Kafin la'asar Ƙungiyar 'Yan Arewa ta Birmingham ta yi hayar ƙaramar bas.

Mutum goma sha huɗu muka tafi ranar Asabar da safe. Mata sun yi dafa-duka da soyayyar kaza a kuloli. Turai ta ce ita ma za ta, tana so ta ga boiler ɗinta da idonta. Na sa kaftani, na ɗora kwat ɗin farautar Turawa da hular ulu da na saya a shagon gwanjo na Stratford Road. Malam Habu ya dube ni sama da ƙasa.

"Kakan naka ma haka yake shiga dajin Ningi?"

"Lokacin sanyi," na ce.

Filin harbin yana tsakanin Birmingham da Manchester, ciyawa kore, taɓo har idon sawu. Dakta Ashafa ya tare mu da abokansa Turawa uku da ya gayyato su ga tsohuwar ƙira. Akwai kuma mai kula da filin, wata mata mai jar riga da usur a wuya, wadda fuskarta ba ta san wasa ba. Mutanenmu suka shimfiɗa leda a gefe, aka buɗe kuloli.

Na buɗe akwatin. Turawan suka yi "Ooo." Na fara jawabi. Na kawo tarihin kakana, da ɓaunar da ya harba tana gudu, da kurar da ta bar gari saboda jin sunansa. Likita ya miƙo hannu zai karɓa, na kauce, na ci gaba da magana.

"Sunusi, ya isa," ya ce. "Ga harsashi biyu. A cilla faifai mu ji muryarta."

Na rungume bindigar. "Likita, tsohuwa ce. Ba a tashinta da safe haka."

"Ƙarfe goma sha ɗaya fa."

"Harba! Harba!" in ji mutanenmu, bakinsu cike da kaza.

Mai jar riga ta matso. "Babu wanda zai sa harsashi sai na duba ta. Miƙo."

In na miƙa, za ta ga ledar lantarki. Sai dabara ta zo mini, irin dabarun da suka kawo ni nan. Na ce, "Bari in fara nuna muku tsayuwar maharbi." Na ware ƙafafu, na runtse ido ɗaya, na fizgo bindigar sama zuwa kafaɗa da ƙarfi, na juya ta kamar ina bin tsuntsu.

Ƙotar ta zo kafaɗata. Bututun suka ci gaba da tafiya.

Na gan su da idona sun tashi, sun juya sau ɗaya a iska, sun sauka a kan babban yatsan ƙafar Dakta Ashafa, suka yi tsalle suka nutse a kular dafa-dukar Jamilatu, bakinsu biyu yana kallon sama. Ni kuma ina tsaye, ƙafafu a ware, ido ɗaya a rufe, ina auna sararin Allah da guntun katako.

Sai usur.

Likita yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana faɗin sunan ƙashin da ya karye da yaren likitoci. Jamilatu ta ɗaga hannu sama. "Ni Jamilatu! Bawan Allahn nan me girkina ya yi maka?"

Mai jar riga ta duƙa, ta tsinci wani abu ja a cikin ciyawa, ta warware shi, ta ɗaga. Rabin hoton tumatir ne. Ta karanta rubutun da ƙarfi, kowa ya ji: a ajiye a firji bayan an buɗe.

Ɗaya daga cikin Turawan ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Mutanenmu ba su juya baya ba. Wani ɗalibi mai digiri na uku ya kwanta a kan leda yana dukan ƙasa. Malam Habu ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya zo kusa da ni, ya ce a hankali:

"Da ka sa harsashin nan, da yau ba fuska za mu mayar wa Turai."

Na sauke katakon.

Mai jar riga ta rubuta sunana da lambar lasisina, ta ce kada in sake taka filin nan ko da sandar rake. Aka ɗora Likita a mota. Ta taga ya leƙo ya ce, "Dubu biyar ɗin nan, Sunusi, ka bar ta. Ni kuma na bar maka kuɗin yatsa."

A bas, hanyar dawowa, kowa ya samu abin faɗa. Wani ya ce bindigar ta gane ba ɗan gida ba ne ya riƙe ta. Wani ya ce aƙalla na harbo shinkafa. Da muka shiga gida, Turai ta cire mayafi, ta zauna.

"Nawa?"

Na lissafa mata, tun daga akwatin ƙarfe har hular ulu. Ya haura dubu huɗu da ɗari uku.

"Saura ke nan dubu uku," na ce. "Za a iya sa boiler. Ki yi haƙuri, Maman Murja."

"Saura ɗari takwas."

"Kamar yaya?"

"Ranar da ka huda bangon Malam Habu na cire dubu biyu da ɗari uku na ajiye a wurin yayata. Mai boiler zai zo Talata. Wata huɗu ke nan, akanta, ba ka lura ba?"

Ban lura ba. Tun ranar da aka sallame ni nake tura takardun banki ƙarƙashin kujera ba tare da na buɗe ba.

Ranar Litinin na kwashi gawar bindigar da bututu huɗu na hau matakalar Mista Dunn. Labari ya riga ni, domin ɗaya daga Turawan filin abokin cinikinsa ne. Ya shinshina bututun da na saya.

"Curry?"

"Dafa-duka."

Ya ce zai karɓi komai a fam ɗari huɗu, ya ciri abin da zai cira. Na karɓa ban yi ciniki ba. Ya shiga neman littafin rasit. Ya buɗe kwalin takalmi, takardu suka zubo. Ya buɗe na biyu, haka. Kwali bakwai na ƙirga, ga wasiƙun ofishin haraji masu jan rubutu a saman tari, ko buɗe su bai yi ba.

"Mista Dunn," na ce, "wa ya yi wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni. Shekara uku."

Na cire kwat ɗin farauta, na naɗe hannun kaftani, na ce ya ba ni tebur. Kafin magariba na gano masa fam dubu da ɗari tara da ya biya sau biyu. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce in dinga zuwa Talata da Alhamis, amma da sharaɗi. Ya ɗauko fenti ruwan ɗorawa, ya ja layi a ƙasa tsakanin teburina da wajen aikinsa. Duk abin da ke ƙarfe ne yana can, ni ina nan. Ko cokalin shayi na roba ya saya mini.

Lasisin na mayar wa 'yan sanda da kaina. Akwatin ƙarfen Turai tana ajiye garin tuwo da daddawa a ciki, ta ce ɓera bai taɓa ganin irin wannan tsaro ba.

Bututun nan da na goge kuwa, Mista Dunn ya rataye su a bango daidai ƙofa, suna ƙyalli. Duk wanda ya kawo tsohuwar bindiga sai ya nuna masa su, ya ce ga abin da kwana uku da soson tukunya suke yi wa aikin shekara ɗari. Mutane su kama baki, su girgiza kai. Makon jiya wani dattijo mai gashin baki ya daɗe yana kallonsu, ya juyo wurina ya ce:

"Wane irin jaki ne ya yi wannan?"

Mista Dunn ya ɗago ido ta saman tabarau yana jirana. Na gyara takarduna, na yi tsaki.

"Wani mutumin Manchester ne," na ce. "Ba su da kirki da kayan tarihi a can."